Babi na Huɗu: Ruwa da Aikinsa a Jiki

Darasi na 1: Ina gishirin ya tafi?

Iyayena da yayyena, yau ba da alli za mu fara ba. Kowa ya ɗauki kofin ruwa, ya zuba ɗan gishiri, ya juya da cokali. To, ina gishirin? Ku ɗanɗana. Yana nan, ido ne ba ya ganinsa. Wannan shi ne narkewa. Yanzu a zuba yashi a wani kofin. Kun ga ya kwanta a ƙasa, bai narke ba.

Masana suna rubuta sunan ruwa haka: H2O. Harafin H, lamba 2, harafin O. Wato ƙwaya biyu ta haidurojin da ɗaya ta oksijin. Kada ku tsorata, ba wanda zai tambaye ku wannan a kasuwa. Abin riƙewa shi ne ruwa yana narkar da abu, ya ɗauke shi ya kai shi wani wuri. Da haka abinci yake zagaya jiki cikin jini, da haka datti yake fita ta fitsari. Wajen kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne, na jariri kuma ya fi haka.

Darasi na 2: Ruwan gishiri da sukari

Idan yaro yana gudawa, ruwa yake zubarwa, da gishirin da ya narke a cikinsa. Idonsa ya zurma, bakinsa ya bushe, maɗigarsa ta faɗa. Sai a mayar masa da abin da ya rasa. Sukarin da ake sawa ba don daɗi ba ne, shi yake taimaka wa hanji ya tsotse gishirin, ruwa kuma ya bi gishirin ya shiga jiki.

Idan akwai ƙullin ORS na kemis, wato garin haɗin da aka riga aka auna, shi ya fi, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, ga awo:

Ruwa mai tsabta, lita 1. Idan na rijiya ne, a tafasa, a bari ya huce. Idan na leda ne, ku nemi rubutun 50cl a jikinta, leda biyu ke nan.

Sukari, cokalin shayi 6.

Gishiri, rabin cokalin shayi.

Cokalin shayi shi ne ƙaramin, ba na shan kunu ba, ba kuma ludayi ba. Ku ɗebi sukari, ku shafe saman cokalin da bayan wuƙa har ya yi daidai da baki, kada ya yi tozo.

Sukari shida, gishiri rabi. Ku faɗa tare da ni. Sukari shida, gishiri rabi. Madalla, Inna, haka ne. A sake.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. A ajin da ya wuce, wata baiwar Allah ta juya lissafin a gabana, ta fara zuba gishiri cokali-cokali. Da na ce ta ɗanɗana, sai da ta tofar. Ba abin kunya ba ne, gara a yi kuskuren a aji. Amma a gida gishiri mai yawa yana iya yi wa yaro lahani babba. Don haka kowa ya ɗanɗana kafin ya ba yaro: kada ya fi hawaye gishiri. In ya fi, a zubar, a sake haɗa wani. Kada a ce a ƙara ruwa da ka.

Ku rubuta a littafinku: Sukari 6. Gishiri ½. Lambar nan mai ɗaya a sama da biyu a ƙasa ita ce rabi. Ba sha biyu ba ce. Rabi ce.

Haba jama'a! Har yanzu ina ganin masu ɗibar gishiri da yatsu kamar za su kaɗa miya. Wannan magani ne, ba miyar kuka ba. Sau nawa zan faɗa? Sukari shida, gishiri rabi, a shafe cokali.

A ba yaro kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba. Mai shan nono kada a hana shi. Abin da ya kai awa 24 a zubar. In ya kasa sha, ko an ga jini a bayan gidansa, sai asibiti ba jira.

Darasi na 3: Randa da gumi

Me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi? Ruwa yana tsatso ta jikin randar, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Gumi ma haka yake sanyaya mutum. Mai noma a rana ya riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya kama shi.

Darasi na 4: Mai da ruwa

Zuba man gyaɗa a ruwa. Ba ya narkewa, sama yake tasowa. Shi ya sa wankin hannu sai da sabulu.

Darasi na 5: Shuka

Saiwa ba ta cin taki a bushe, sai ya narke a ruwa.

Aikin gida: a rubuta "Sukari 6, gishiri ½" sau goma, a zo da cokalin shayi ranar Talata.