Yadda za ka fara sauraren Kitty Wells ka gane inda ta dosa

In kana so ka san Kitty Wells, mawaƙiyar country (kiɗan mutanen karkara na Amurka), kar ka fara da ita tukuna. Shiga YouTube ka nemo The Wild Side of Life ta Hank Thompson, mutumin sai kuka yake wai mace ta tsallake ta bar shi ta koma yawon mashaya, laifi dai kacokan a kanta. Riƙe karin waƙar a ka.

To yanzu kunna waƙar Kitty, It Wasn't God Who Made Honky Tonk Angels ta 1952. Karin ɗaya ne sak amma raddi ce, ita cewa take ai magidantan da ke fita waje suna yi kamar ba su ajiye kowa a gida ba su ne ke jefa mata cikin wannan hali. Abin dariyar ma namiji ne ya rubuta ta, J.D. Miller. Ita kuwa lokacin tana da yara uku, ta ma kusa haƙura da waƙa gaba ɗaya, dala 125 ɗin da za a biya ta ce kawai ta kai ta situdiyo ta yi wa kamfanin faifai na Decca waƙar. Gidan rediyon NBC ya hana sa waƙar, a banza, sai da ta yi sati 6 a saman jadawalin waƙoƙin country da suka fi tashe na mujallar Billboard, kuma kafin ita babu macen da ta taɓa hawa nan ita kaɗai.

Ka sa iyafis, ka bi muryarta da kyau. Ba ihu ba hayaniya, siririyar murya ce da ɗan hanci-hanci, jita da goge na bin ta a baya, gaskiya wannan sanyin ne ya sa maganar ke shiga jiki.

Daga nan ka wuce One by One da suka yi da Red Foley a 1954, sai Making Believe ta 1955, wadda ni a wurina ta fi duka, sai Heartbreak U.S.A. ta 1961.

In za ka binciki tarihinta ka rubuta Ellen Muriel Deason, shi ne sunanta na yanka, haifaffiyar Nashville ce a Amurka, 1919. Mijinta Johnnie Wright ne ya laƙaba mata Kitty Wells, sun yi aure a 1937 suna tare har ya rasu a 2011, ita ma ta bi shi a 2012 tana da shekara 92. Sai ka gama da ita sannan ka je kan su Loretta Lynn da Dolly Parton, mawaƙan country mata da suka biyo bayanta.