Yadda na gyara rabon fayil da firinta bayan na kashe SMB1

Na kashe SMB1, wato tsohuwar hanyar da Windows ke rabon fayil da firinta tsakanin kwamfutoci, a kwamfutocin ofis ɗinmu saboda ta nan WannaCry, muguwar manhajar nan mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, ta bi ta yi ɓarna a 2017, kuma dama Windows 10 tun sigar 1709 ta fara barinsa a kashe. Washegari sai kwamfutoci suka daina ganin juna a Network, firinta ma ta ƙi tura sikanin zuwa folda, wallahi raina ya ɓaci don aiki ya tsaya cak.

Ashe fayilolin suna nan, jerin sunayen ne kawai ya ɓace don tsohon Computer Browser, wanda ke nuna jerin kwamfutoci, ya dogara ne da SMB1. Na buɗe services.msc, inda ake saita ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage, a kowace kwamfuta na mayar da Function Discovery Provider Host da Function Discovery Resource Publication, masu sa kwamfutoci su ga juna, su riƙa tashi da kansu, na kunna network discovery, nan take suka bayyana.

Firintar ce ta fi ba ni wahala, sai da na sabunta firmware ɗinta, wato manhajar da ke cikinta, ta fara jin SMB2, sigar da ta biyo bayan SMB1, sannan sikanin ya wuce. Bugawa kuma na ba ta adireshin IP tsayayye na haɗa kowa da ita kai tsaye ta port 9100, ƙofar da firinta ke karɓar aikin bugawa, ban sake kunna SMB1 ba.