Yadda Ake Shirya Jama'a Don Tunkarar Bala'i Ta Hanyar Al'adunsu

Duk wanda aka ɗora wa nauyin wayar da kan jama'a game da ambaliya, ko mahaukaciyar guguwa, ko girgizar ƙasa, ya kamata ya san cewa mutane ba sa barin gidajensu don kawai an buga jiniya. Kafin mutum ya ɗaga ƙafa, sai ya auna wanda ya yi gargaɗin, da abin da zai bari a baya, da kuma abin da za a ce a kansa idan ya gudu. Al'ada ce ke riƙe da wannan ma'auni, saboda haka daga gare ta ake fara aiki.

Ka soma da zama wurin tsofaffi, ka tambaye su bala'in ƙarshe da suka gani ko suka ji a bakin iyayensu: ina ruwa ya tsaya, wace alama ce ta riga shi zuwa, kuma ina waɗanda suka tsira suka fake. A tsibirin Simeulue na Indonesiya, tsunami, wato babbar igiyar teku da girgizar ƙasa ke tayarwa, ta hallaka jama'a da yawa a 1907, sai waɗanda suka rayu suka zuba darasin cikin labaran da ake ba yara, cewa idan ƙasa ta girgiza kuma teku ta ja baya, kada kowa ya tsaya tsintar kifi, a nufi tudu. Da igiyar ta dawo a Disamban 2004 ta kashe sama da mutum 200,000 a ƙasashen da ke bakin Tekun Indiya, mutum bakwai kawai aka ruwaito sun mutu a tsibirin, duk da cewa mazaunansa sun haura 70,000. Idan ka tarar da irin wannan ilimi, ka gina saƙonka a kansa, da kalmomin da mutanen suka saba ji.

Sannan ka binciki abin da ke hana mutane fita ko da sun ji gargaɗi, kuma a nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Guguwar da ta afka wa Bangaladash a 1991 ta kashe kimanin mutum 140,000, kuma mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba. Da yawansu sun ji labari, amma wasu suna jiran izinin mai gida wanda ba ya nan, wasu ba a taɓa koya musu iyo ba, wasu kuma sun ƙi kwana a mafakar da aka cakuɗa maza da mata ba tare da makewayi na daban ba. Maza kuwa dabbobinsu suka ƙi bari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ƙarar lasifika za ta kawar. Abin da ya yi aiki shi ne sanya mata cikin 'yan sa-kai masu shiga gida-gida, da ware wa mata ɗakuna a mafaka, da tada tudun ƙasa inda za a ɗaure dabbobi. A guguwar Sidr ta 2007, wadda ita ma ta afka wa Bangaladash, waɗanda suka mutu ba su kai 5,000 ba. Gaskiya ne cewa ingancin hasashen yanayi da yawan mafaka sun taimaka ƙwarai, sai dai mafakar da mace ke jin kunyar shiga ba ta ceton kowa.

Za ka haɗu da masu cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa sai ya faru. Kada ka yi musu da su, domin ba ƙarya suka faɗa ba, kuma jami'in da ya raina imanin mutane ya rufe wa kansa ƙofa. Ka nemi malaman da suke jin maganarsu, su tuna musu hadisin da ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Haka aka yi lokacin annobar Ebola ta 2014 a Afirka ta Yamma, inda wankan gawa ya riƙa yaɗa cutar, iyalai kuma suka riƙa ɓoye mamatansu, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna da shugabannin Musulmi da na Kirista aka tsara jana'izar da ke kare masu rai ba tare da wulaƙanta mamaci ba.

Akwai kuma inda kyakkyawar ɗabi'a ita ce ke jawo asara, kamar komawa gida neman 'yan'uwa alhali ruwa na tafe. Mutanen gaɓar Sanriku a Japan suna koya wa juna cewa kowa ya gudu tudu shi kaɗai, bisa amanar cewa sauran ma sun gudu. A tsunamin Maris na 2011, kusan dukkan ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare na garin Kamaishi, su kusan 3,000, sun tsira, manya suna jan hannun ƙanana. Don haka ka sa kowane gida ya tsayar da wurin haɗuwa tun ana zaune lafiya, kuma a fayyace wanda zai ɗauki tsoho ko mara lafiya, da sunansa.

Atisaye kuwa a ɗaura shi a ranar da jama'a suka riga suka sani, kamar yadda Japan ta mai da 1 ga Satumba, ranar girgizar ƙasar Kanto ta 1923, ranar shirin kare kai daga bala'i. A riƙa sauya lokacinsa, wani zubin da dare, wani zubin lokacin da magidanta suke wurin aiki. Bayan an watse, a rubuta gidajen da ba su fito ba, a tura musu wanda suke jin nauyinsa ya ji dalili, sannan a gyara tsarin kafin atisaye na gaba.