Sa rile a fitilun tsohuwar Fijo 504: kurakuran da ke ƙona waya su bar mutum cikin duhu

Duk mai tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ya san wannan ciwo: dare ya yi, ka kunna fitila, hasken ya fito ja-ja kamar na aci-balbal. Galibi laifin ba na ƙwan fitila ba ne. A wayarin na wancan zamani, wuta kan tashi daga batir ta shiga cikin mota, ta ratsa makunnin da ke jikin sitiyari, sannan ta dawo gaba wurin fitilu. Tafiya ce ta mita biyar ko fiye a siririyar waya, ga tsatsa a kowace mahaɗa. Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan kusan amp 9, kuma waya mai kaurin 1 mm² a wannan nisa tana cinye kusan volt 0.8 tun ba a lissafa makunni da soket ba. Ƙwan halojin ba ya yafe wannan: wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haske ya ragu da kusan kashi 30.

Rile ɗan makunni ne da ƙaramar wuta ke kunnawa domin ya saki babba, aikinsa shi ne gajarta wannan hanya. Tsohon makunni ya koma aika saƙo kawai, bai ɗaukar fiye da amp 0.2, babbar wuta kuma ta miƙe daga batir zuwa fitila ta waya mai kauri. Aikin yini guda ne, amma kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa a kansa.

Na farko, sayen kaya kafin awo. Tayar da injin, kunna dim, ɗora jar wayar mitar awon wuta a kan layif (+) na batir, baƙar kuma a ƙafar ƙwan da ke karɓar wuta. Abin da mita ta nuna shi ne abin da ke ɓacewa a hanya. In bai kai volt 0.5 ba, rile ba zai ƙara maka abin kirki ba, je ka duba madubin cikin fitilar, mai yiwuwa ya dushe. In ka ga 1.5 ko 2, to aikin ya kama.

Yanzu ga wanda ke ƙona mota, wato fis. Sabuwar wayar da ka jawo daga batir zuwa ƙafar rile mai lamba 30 tana ɗauke da wuta dare da rana, ko makulli na aljihunka. Sai ka ga an jawo ta mita ɗaya da rabi, an bi da ita ta gefen lagireto, sannan a liƙa fis can kusa da rile don nan ne hannu ya fi kaiwa. To wannan mita ɗaya da rabin wa ke gadinta? Ranar da gefen ƙarfe ya yanke robar, batir zai zuba ɗaruruwan amp cikinta, ta yi ja kamar garwashi, fis ɗinka na zaune lafiya lau. Fis waya yake karewa, ba ƙwai ba, don haka mazauninsa bakin batir ne, kada tazarar ta wuce tsawon tafin hannu, santimita 15 zuwa 18.

Sai masu tattalin banza, fis ɗaya na amp 30 ga dim da ful gaba ɗaya. Tsaya ka yi tunani: kana kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa da tsakar dare, wayar ful ta taɓa jiki, fis ya tsinke. Dim ma ya tafi. Kana gudun kilomita 90 ba ka ganin ko bonet ɗinka. Rile biyu, fis biyu, waya biyu daga batir: ɗaya na dim, ɗaya na ful, kowanne amp 15 a kan waya mai 2.5 mm². Ɗaya ya mutu, ka murɗa makunni ka koma ɗayan ka gangara gefen titi. Ni a ganina wannan ba abin ciniki ba ne, ko da saitin da ka saya a kwali da fis ɗaya ya zo. Yanke shi ka ƙara na biyu. Wanda kuma fis ya tsinke masa ya naɗa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli a madadinsa, ya sani ya mai da wayarin ɗin motar gaba ɗaya fis.

Wani kuskure mai girma shi ne na at, wayar da ke mayar da wuta jikin mota. Nan ne yara masu koyon riwaya ke ba ni haushi. An kashe kuɗi an sayi rile, an jawo jar waya mai kauri tsaf-tsaf, sannan aka bar tsohon at, siririyar waya ɗaure da ɗan sukuru a jikin fenda da tsatsa ta cinye. Wuta fa zagaye take yi. Amp 9 ɗin da suka tafi dole su dawo, kuma ko a tafiya aka tare su ko a dawowa, asarar ɗaya ce. Alamunsa ba sa ɓuya: fitila ɗaya ta fi ɗaya haske, ko ka kunna dim ka leƙa ka ga zaren ful ma yana ɗan ja. Wutar ce ta rasa hanyar gida, ta kutsa ta ɗaya zaren tana neman at ɗin fitilar da ke can gefe. Sai a ce rile jabu ne, a sake sayen wani. Ba rile ba ne, malam.

Gyaran: kowace fitila a yi mata sabon at da waya mai kauri daidai da ta layif. Na gefen batir a kai shi kai tsaye kan negatif. Na ɗaya gefen, in da hali shi ma a jawo shi batir. In babu, a nemi ƙarfe mai kauri na jikin mota, a goge fenti da samfefa har ya yi ƙyalli, a sa kan waya mai zobe da wosha mai haƙora, a ɗaure da noti, sannan a shafe saman da giris saboda damina. Bayan haka a auna tsakanin ƙafar at ta ƙwai da negatif na batir, fitila na kunne. Ya wuce volt 0.2, ba a gama ba. A duba kuma babbar wayar da ta haɗa batir da jikin mota, don ita ma tsufa take yi.

Ƙafafun rile kuwa lambobinsu na rubuce a gindinsa, karantawa ce ba a yi. 30 daga batir ta fis, 87 zuwa fitilu, 86 saƙo daga tsohon soket, 85 at. Tarkon yana wurin mai ƙafa biyar. In ta tsakiya 87a ce, tana ba da wuta ne lokacin da rile ke kashe, saboda haka wanda ya ɗaura fitilar hagu a 87, ta dama a 87a, zai ga suna karɓa-karɓa, ya kashe mota, fitila ɗaya ta ƙi mutuwa har batir ya kwanta. Akwai mai 87 guda biyu, shi ne ya dace da wannan aiki, kuma a ido kamarsu ɗaya. Wani rilen kuma yana da dayod a ciki, ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, za ka gan shi a zanen da ke jikinsa. Irin wannan in ka juya 85 da 86, dayod ɗin zai ƙone nan take, wani lokaci har da makunnin da kake ƙoƙarin ceto.

Kada ka yanke asalin wayarin. Ɗauki saƙo daga tsohon soket na fitilar da ke kusa da batir, ɗaya soket ɗin a naɗe shi a ɗaure gefe. Ta haka shuɗiyar alamar ful a dashbod da filashin za su ci gaba da aiki, kuma in rile ya mutu a daji ka mayar da tsofaffin soket ka iso gida.

Waya mai araha da ke yawo a kasuwa, da yawa alminiyon ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Kankare zare ɗaya da reza, in cikin fari ne, ajiye ta, ba ta ɗaukar fiye da kashi 60 da 'yan kai na abin da jan ƙarfe ke ɗauka. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne, zafin injin zai saki gam ɗin. A matse kan waya da filayar matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Rile a kafa shi ƙafafu na kallon ƙasa, nesa da bututun hayaƙi, don ruwan wanki kada ya kwanta ciki. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A cire negatif na batir kafin a taɓa komai.

In motarka ba Fijo ba ce, bincika kafin ka kwafi wannan tsari. Tsofaffin Toyota da yawa at suke katsewa ba layif ba, don haka ƙafar da ka ɗauka at ce a soket wuta ce ke cikinta; a nan 85 da 86 duka daga tsohon soket za su fito. Volkswagen Beetle batir ɗinta na ƙarƙashin kujerar baya, waya ta yi tsawo, sai 4 mm², kuma tsofaffin cikinsu masu volt 6 ne, rile na 12 ba zai ɗaga ba.

Sai kwaɗayi. An sa rile, sai a ce tunda waya ta yi kauri bari a sa ƙwai mai 100/90. Biyu suna jan amp 16 ko fiye, tsohuwar altaneta na nishi, soket na roba ya narke, madubi ya ƙone, kuma mai tahowa ya makance ya nufo ka. Ƙwan H4 mai wat 60/55 da cikakkiyar wuta ya wadatar. Ka sani kuma zai riƙa mutuwa da wuri fiye da da, domin ƙarin wuta na kashi 5 cikin 100 kan rage kusan rabin kwanan ƙwai. Ajiye guda a mota, kuma kada ka kama gilashinsa da yatsa. In ƙwai na mutu maka kowane wata, auna batir injin na gudu: ya haura volt 14.5, regileta ta altaneta ce ke da matsala.

Da an gama, a saita fitilu, domin hasken da ya ƙaru in yana kallon sama idon mutane zai shiga. Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, tayoyi da iska daidai. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, yi alama da alli a bango. Layin da hasken dim ya yanke ya sauka santimita 10 zuwa 15 ƙasa da alamar, a rufe fitila ɗaya da tsumma a saita ɗayar, sannan a juya.