Yadda ake tantance alamomin "mutuwar" Paul McCartney

Tun 1969 wasu masoyan ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ta Ingila suka kafe cewa ɗaya daga cikin mawaƙanta huɗu, Paul McCartney, ya rasu a hatsarin mota a Nuwamban 1966, aka nemo mai kama da shi ya maye gurbinsa, sauran ukun kuma, John, George da Ringo, suka riƙa ɓoye alamomi a faya-fayensu. Mutumin dai yana nan da ransa. In kana son bin diddigin zancen da kanka, ga hanya.

Da farko, nemo bakin da maganar ta fito. Ranar 12 ga Oktoban 1969 wani ya bugo waya gidan rediyon WKNR da ke Detroit a Amurka, mai gabatarwa Russ Gibb ya ja hirar da tsawo. Bayan kwana biyu, wani ɗalibi, Fred LaBour, ya yi rubutu a jaridar ɗaliban Jami'ar Michigan, har ya raɗa wa "Paul na bogi" suna William Campbell. Daga baya shi da bakinsa ya ce ƙirƙira ya yi. Duk alamar da ta samo asali daga wannan rubutu, ajiye ta gefe.

Na biyu, ɗauko hoton bangon faifan Abbey Road, ka ƙura masa ido. Nan ne kasuwar ta fi ci. Su huɗu ne ke tsallaka titi, masoya suka ce jerin masu jana'iza ne: John cikin farare shi ne malamin addini, Ringo cikin baƙaƙe mai shirya gawa, George cikin jins mai haƙa kabari, Paul kuwa ba takalmi, wai shi ne mamacin. To, ranar 8 ga Agustan 1969 aka ɗauki hoton, ana zafi, kuma akwai wasu hotunan na ranar da ke nuna Paul sanye da sandal kafin ya tuɓe. Sai lambar Volkswagen ɗin da ke fake a gefe, LMW 281F. An karanta 281F a matsayin "28 IF" na Turanci, aka ce tana nufin da yana raye da ya kai shekara 28. Yi lissafi: an haife shi a Yunin 1942, ke nan 27 gare shi. Ka faɗa musu haka, sai su ce ai har da watannin ciki ake ƙirgawa. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

Na uku, gwada kunne, amma ba naka ba, domin naka an riga an gaya masa abin da zai ji. Sa wa wanda bai san zancen ba ƙarshen waƙar Strawberry Fields Forever, inda aka ce John na cewa ya binne Paul, ka tambaye shi me ya ji. John ya ce sunan wani miyan 'ya'yan itace ya ambata.

Tambarin hannun rigar Paul a faifan Sgt. Pepper na 1967, wanda masoya suka karanta OPD suka ce yana nufin an tabbatar da mutuwarsa, ba ya buƙatar dogon bincike: OPP ne, na 'yan sandan lardin Ontario a Kanada.

Daga ƙarshe, nemi ta bakin mai abu. Mujallar Life ta same shi a gonarsa a Scotland, ta buga hirar ranar 7 ga Nuwamban 1969. A 1993 ya fitar da faifan Paul Is Live, ya sake tsallaka titin nan da kare, aka mayar da lambar motar 51 IS, daidai shekarunsa a lokacin.