Kafin a loda kaya a mota, ku yi wannan

Matan bariki, shawara gare ku. Da zarar takardar canjin wurin aiki ta fito wa maigida, ku ware yini ɗaya tak kafin a fara ɗaure kaya, ku kwashi yara ku zaga wuraren da suka saba zuwa tare da abokansu. Filin ƙwallo, gindin bishiyar da suke taruwa, ƙofar makaranta. Ku ɗauki hoto a kowanne.

Sai ku wanke hotunan, kar a bar su a waya. Ni waya ta ta faɗa ruwa, hotunan shekara uku suka tafi, har yau ƙaramar 'yata tana tambayata fuskar ƙawarta.

A bayan kowane hoto ku rubuta suna da shekara da lambar waya. Kuma ga inda dabarar take: ku karɓi lamba biyu, ta maƙwabciyar da ta wani ɗan uwanta da ba soja ba, domin ita ma gobe za a iya ɗaga su, layi ya canza, amma ɗan uwan nan yana nan inda yake.

Idan umarnin ya zo da gaggawa, kwana biyu ku tashi, to ba lokacin yawo, lambobin kawai za ku karɓa. Wata kuma ba za ta so ba da lambar dangi ba, kar ku matsa mata.

Hoton da ya nuna ƙofar bariki ko motocin aiki kuwa, kar ya hau Facebook.