Yadda ake amfani da littafin muƙaddima wajen sanin Baibul

Wata Juma'a bayan la'asar, a wajen mai shayin da ke bakin layinmu a Gadarif da ke Sudan, ɗan yayata ya tsare wani Bahabashe da ke zuwa aikin yankan riɗi duk kaka. Yaron ya kwana biyu yana kallon bidiyon muhawara a waya, baki cike da lambobin sura da aya. Da Larabci ya ce masa, "Ɗan'uwa, ai littattafai 66 aka haɗa muku." Mutumin ya ajiye finjalinsa, ya ce nasu 81 ne. Yaron ya waiwayo ni: "Kawu, gaya masa gaskiya." Na ce ai shi ya faɗa maka ita.

Abin da ya rasa ba kaifin baki ba ne, littafin muƙaddima ne, wanda Larabawa ke kira madkhal. Ba tafsiri ba ne, ba wa'azi ba. Littafi ne da ke bin Baibul sashe sashe yana tambaya: wa ya rubuta wannan, yaushe, da wane harshe, don su wa, ta wace hanya kuma ya iso hannunmu? Wanda ya zauna gaban malami ya karanta ulumul Ƙur'ani ko musɗalahul hadisi ya san irin wannan ƙofa. Ga yadda nake koya wa ɗalibaina shiga ta cikinta.

Mataki na farko: san wane Baibul ne a hannunka

Baibul taron littattafai ne da aka rubuta a tsawon ɗaruruwan shekaru. Na 'yan Furotesta 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. Na Katolika 73. Cocin Orthodox na Habasha yana ƙirga 81. Tsakanin Katolika da Furotesta saɓanin duk a Tsohon Alkawari yake, kuma yana da dalili: Kiristocin farko sun fi karanta fassarar Girkanci da Yahudawan Iskandariyya suka fara tun ƙarni na 3 kafin miladiyya, tana kuma ɗauke da littattafan da ba sa cikin jerin Ibrananci. Furotesta suka koma wa jerin Ibrananci, sauran suka riƙe wasu daga cikin ƙarin. Littattafai 27 na Sabon Alkawari kuwa, jerinsu kamar yadda yake yau ya fito ne a wasiƙar Atanasiyus, babban limamin cocin Iskandariyya, a shekara ta 367.

Sai ka samu fassara ɗaya ka ajiye kusa da kai. Mu a nan wadda ta fi yawo ita ce ta Larabci da ake kira Van Dyck, da aka kammala a Bairut a 1865. Ta Hausa cikakkiya ta fara fitowa a 1932, an kuma sake fassara daga baya. Duk suna samuwa a waya, wadda tun ɓarkewar yaƙi a 2023 ita ce ɗakin karatun yawancinmu.

Mataki na biyu: tambayi marubucin, kai ɗan wane gida ne?

Ba muƙaddimar da ba ta da gefe, dubi waɗannan marubutan nata. Raymond Brown limamin Katolika ne, mai sanyin alƙalami, yakan jero ra'ayoyi kafin ya faɗi nasa. Carson da Moo 'yan Furotesta ne masu kare abin da coci ta gada. Bart Ehrman masanin tarihi ne da ya bar addinin, matasanmu suna son sa saboda yana fito da saɓani, amma su sani awon da yake yi wa Baibul ba zai ajiye shi ba in aka miƙa masa wani littafin. Ka samu biyu masu hannun riga da juna. Inda suka haɗu, ka taka da ƙarfi. Inda suka rabu, nan karatun yake.

Wani zai ce ai muna da Izharul Haƙƙi na Shehu Rahmatullahi, wanda ya kafa makarantar Saulatiyya a Makka. Littafi ne mai daraja, amma raddi ne, an kuma rubuta shi a 1864, kafin a tono yawancin tsofaffin takardun da ake dogara da su yanzu. Ka karanta shi a matsayinsa, kada ka ba shi aikin da ba nasa ba.

Mataki na uku: raba shafin littafinka gida uku

Wannan ne matakin da na fi nacewa a kai. Ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa. Gida na farko, abin da nassin ya faɗa da kansa. Na biyu, abin da al'adar coci ta ce. Na uku, abin da masu bincike suka rinjayar.

Ɗauki Bisharar Markus, wato Linjilar da ke ɗauke da sunansa. A cikin nassin marubucin bai ambaci sunansa ba. Al'adar coci tun ƙarni na 2 ta ce Markus ne, wanda ya ji daga bakin Bitrus, almajirin Annabi Isa (AS). Masu bincike da yawa suna sa rubutunta kusa da shekara ta 70, lokacin da Rumawa suka rushe Haikalin Ƙudus. Ko ɗauki wasiƙun Bulus, ɗaya daga cikin jagororin Kiristocin farko: 13 ne ke ɗauke da sunansa, amma 7 ne kusan kowa ya yarda daga hannunsa suke, wato Romawa, Korantiyawa biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta fari da Filimon. Sauran ana jayayya a kansu, Carson da Moo na karewa, Ehrman na musantawa. In ka gauraya gidajen nan uku, sai ka wayi gari kana jingina wa Kirista maganar da ba ta cikin littafinsa, ko ka ɗauki hasashen wani farfesa kamar an gama shari'a.

Mataki na huɗu: bi tsarin zamani, ba tsarin shafi ba

Matiyu ne a farkon Sabon Alkawari, amma ba shi aka fara rubutawa ba. Wasiƙun Bulus sun riga Bisharu, Tasalonikawa ta fari tana wajen shekara ta 50. Ka karanta babin Markus a muƙaddima, ka karanta Markus ɗin kanta gaba ɗaya, surori 16 ne, zama biyu ya isa. Sannan Matiyu da Luka, za ka ga da idonka abin da ya sa ake cewa sun ɗebo daga Markus. Yahaya ka bar ta ƙarshe, salonta daban ne. Lambobin da ɗan yayata ke harbawa kuwa sababbi ne: surori an raba su a ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari a 1551.

Mataki na biyar: kada ka tsallake babin rubuce-rubucen hannu

Shi ne babin da ke sa gyangyaɗi, shi ne kuma mai maiƙo. Akwai kwafin Girkanci na Sabon Alkawari fiye da 5,000, daga guntun da bai kai tafin hannu ba har cikakken kundi. Biyu daga cikin manya na ƙarni na 4 ne: wanda aka samo a gidan sufaye na Dutsen Sina'i, yawancinsa yanzu yana Landan, da wanda ke Fadar Vatican. A dukansu Markus ta tsaya a 16:8, ayoyi 12 na ƙarshe babu. Labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, shi ma ba ya cikinsu. Van Dyck ta bi nassin Girkanci da aka buga a ƙarni na 16, shi ya sa za ka same su a ciki, sababbin fassarori kuma sukan yi bayani a ƙasan shafi. Ba asiri ba ne da wani mai bidiyo ya bankaɗo. Malaman Kirista ne suka tantance, suna kuma koyarwa a makarantunsu.

Wuƙar tana yanka ta ɗaya gefen ma. Linjilar Barnaba da ake ta turawa a WhatsApp, tsofaffin kwafinta na Italiyanci da Sifaniyanci ne, babu wanda aka rubuta kafin ƙarshen ƙarni na 16, fassararta ta Larabci ta fito a Alƙahira a 1908. Tana kuma sa Annabi Isa (AS) yana cewa shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'ani da wannan laƙabin ya kira shi. Ni dai ba na kafa hujja da ita.

Mataki na shida: gwada abin da ka koya a kan nassi ɗaya

Wanda nake ba ɗalibai shi ne Ayyukan Manzanni 8:26 zuwa 39. Wani bābā, wato dandaƙaƙƙen bafade, ma'ajin sarauniya Kandaka, yana dawowa daga Ƙudus a keken doki yana karanta littafin Ishaya, wani mai wa'azin Kirista, Filibus, ya tarar da shi ya yi masa bayani. Fassarori suna ce masa mutumin Habasha, mai karatu sai ya hango Addis Ababa. To amma kalmar Girkanci Itiyofiya a wancan zamani ƙasar da ke kudu da Masar take nufi, bakin Nilu. Kandaka kuma ba sunan mace ɗaya ba ne, sarauta ce ta matan gidan mulkin Marawi ta dā, wadda dalarta ke tsaye har yau a Bajrawiya kusa da Shandi, kimanin kilomita 200 arewa da Khartum. Wata Kandaka, Amanirenas, ta yaƙi Rumawa shekaru kaɗan kafin miladiyya. Kalmar ce dai aka riƙa kiran matan zanga-zangar Sudan ta 2019 da ita.

Ranar da na faɗa wa aji wannan, wata ɗaliba ta ce, "Malam, ashe mutumin namu ne?" Na ce na ƙasar nan ne dai, mu kakanninmu hanyar hajji ta kawo su daga baya. Na kuma ja musu kunne kada su yi tsalle: labarin bai ce Kiristanci ya kafu a nan tun lokacin ba. Masarautun Nuba sai a ƙarni na 6 suka karɓe shi, har Soba da ke gefen Khartum. Cocin Habasha ma yana ɗaukar mutumin a matsayin nasa, wannan sai a rubuta shi a gida na biyu.

Mataki na bakwai: kai tambayoyinka wurin mai littafin

Muƙaddima za ta gaya maka yaushe aka rubuta Zabura, ba za ta gaya maka yadda tsohuwa ke rera ta da asuba ba. Ka nemi Bakibɗe, wato Kirista ɗan cocin Masar, ko ɗan Dutsen Nuba ko Bahabashe da kuke mutunci, ka tambaye shi yadda ake karanta nassin a cocinsu, ka saurara har ya kai aya. Ɗan yayata ya koma wajen mai yankan riɗin da littafinsa mai gida uku. Mutumin bai san Atanasiyus ya rubuta wasiƙa a 367 ba, amma ya gaya masa suna da littafin Henok a cikin nasu, yaron kuma ya dawo gida yana tambayata ko Henok ɗin nan shi ne wanda wasu malaman tafsiri ke cewa Annabi Idrisu.